Yadda Za Ka Cika Bokitin Injiniya da Bulon Roba Kafin Yaya Ta Dawo

Waya na kunnenka, Yaya tana cewa gobe da la'asar za su iso, a share falo, a sa ruwa a firij. Kana ta "to, to". Sai ta ce, "Ga Injiniya zai gaishe ka."

Injiniya ɗanta ne, ɗan shekara shida. Sunan ya samo shi ne daga bulon robarsa, 'yan ƙananan nan masu launi-launi da ake danna wani kan wani a gina gida ko mota. Bai gaishe ka ba. Cewa ya yi, "Kawu, ba ka taɓa min bokitina ba ko?"

Ka ce Allah ya kiyaye.

Bokitin kuwa ga shi a gabanka, wayam. Bayan tafiyarsu ka tashi da safe za ka banɗaki ba takalmi, ka taka ƙwaya ɗaya ja da tsakiyar tafin ƙafarka, sai da ka kira sunan kakarka. A daidai lokacin mai kwasar shara ya buga get, ga bokitin a bakin ƙofa kamar an ajiye maka. Ka juye masa duka a baro, har ka bubbuga gindin.

Ka kuma san matsayinka a gidan. Hutun kwana biyu ka zo, yau ga shi har maƙwabta na ba ka ajiyar makulli. Ɗakin baƙi kake, da fanka da katifa, ba ka biyan ko sisi. Mijin Yaya, Baban Injiniya, duk haɗuwarku a tsakar gida sai ya tambaye ka cikin fara'a ko akwai labari daga wajen neman aikin. Kukan Injiniya sau ɗaya ya isa a fito maka da jakarka.

Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan yadda suke, na ba ka tabbaci bokitin zai cika, aljihunka ba zai ji ba, ɗakin kuma yana nan a hannunka. Ba a taɓa samun wanda ya bi su ya kwana a waje ba.

Mataki na 1: Kada ka bi mai shara

Na san za ka bi shi, don haka yi sauri. Za ka same shi a inuwar shagon mai faci, zai saurare ka da ladabi, ya ce ai yara sun wawushe tun kafin ya kai kwanar layi. Daga nan zai tambaye ka ko akwai saura. Yi masa sallama ka wuce.

Mataki na 2: Shiga babban kanti sau ɗaya, domin ka karaya

Wannan matakin ba na saye ba ne, na gyaran zuciya ne. Mutum ba ya iya abin da ke gaba sai ya fitar da rai daga hanyar mutunci.

Nufi ɓangaren kayan wasa, ɗauki kwali mafi girma, girgiza shi. Za ka ji rabinsa iska ce. Juya shi ka duba farashi, sannan ka mayar da shi a hankali da hannu biyu, yadda ake kwantar da jaririn mutane.

Mai tsaron wurin za ta matso. "Yallaɓai, a naɗe maka?"

"Nawa irin wannan zai cika bokiti?"

"Wane irin bokiti?"

"Na fenti. Babban."

Za ta dube ka, ta dubi silifas ɗinka, ta ce bari ta kira manaja. Kada ka jira shi.

Mataki na 3: Sayi kwano ɗaya a wajen 'yan gwanjo

A bayan masu tsofaffin jakunkunan makaranta akwai mutumin da ke sayar da kayan wasa a tule, a kan tamfol. Ba ya ƙirgawa, aunawa yake yi da kwano. Lura da hannunsa: duk kwano sai ya cusa kan 'yar tsana ɗaya da tayar mota biyu a ƙasa, ya rufe da bulo.

Ga gwajin masana. Ɗauki ƙwaya biyu, danna su tare, kifa su. In sun riƙe juna, nagari ne. In ta ƙasa ta faɗo, irin wanda ake yi ne don iyaye su saya, yara su yi kuka.

"Ai duk uwa ɗaya uba ɗaya ne," zai ce maka. "Sai yaro ya saba da su."

Kada ka yi gardama. Sayi kwano ɗaya tak, ka zuba a bokiti, ka leƙa. Bai rufe ko gindin ba. Yanzu ka shirya wa ainihin ilimin.

Mataki na 4: Daina kallon kantuna, koma kallon ƙafafu

Bulon roba mafi araha a garin nan yana gidajen mutane, a ƙarƙashin kujeru, masu shi kuma addu'a suke yi a raba su da shi. Duk gidan da ke da bokiti ɗaya yana da uba ɗaya da ya taɓa taka shi. Aikinka ka gano uban.

Je ka zauna a bencin bakin kemis da hantsi. Mai ciwon gwiwa yana jan ƙafa, bar shi. Mai sabon takalmi yana yamutsa fuska, shi ma bar shi. Naka mutumin shi ne mai tafiya a gefen ƙafa, yana duban ƙasa kafin kowane taku, ko da kuwa a kan siminti ne fes. Ba za ka sha wahalar gane shi ba, tafiyarka ce.

Bari ya sayi filastarsa, sannan ka matsa masa a benci.

"Sannu, malam. Ƙafa ce?"

"Ɗan targaɗe ne."

"Bulon, mai ido huɗu ne ko mai takwas?"

Zai dubi hagu, ya dubi dama, ya sassauta murya. "Mai biyu. Ƙaramin nan. A kan tayil."

Yi masa jaje, abin ya cancanci haka. Sannan ka ce, kamar ba da shi kake ba, kai kana da inda ake kai irin waɗannan kayan, ba sa dawowa.

Kada ka yi mamaki in ya riƙe hannunka.

Mataki na 5: Karɓi kaya kamar ka saba

Zai ce ka same shi a bayan gidan mai bayan azahar, lokacin da yaron ke makaranta, uwar kuma ta fita. Zai buɗe but ɗin mota, ga buhu ɗaure da igiya. Kada ka tambayi sunansa, kada ka tambayi sunan yaron. In ya fara cewa ai yaron ya girma, ya daina wasa da su, gyaɗa kai kawai. Ba kai yake wa bayani ba.

Kada ka sa hannu a aljihu, cin fuska ne. Shi zai ba ka na mota.

Kafin ka saɓa buhun zai ce, "Akwai wani abokin aikina. Nasa tagwaye ne."

A nan masu hankali ke cewa ya isa. Bokiti ɗaya kake nema, buhun nan kaɗai ya cika shi har da ragi. Amma abin kyauta ne, kai kuma ba a taɓa kiranka a waya ana roƙonka ba. Za ka je wajen mai tagwaye. Shi zai haɗa ka da wani direban banki, direban ya haɗa ka da wani likitan haƙori da zai kawo nasa a cikin matashin kai yana hawaye. Kafin rana ta faɗi sai ka ɗauki hayar mai baro.

Mataki na 6: Wanke, tsince, ɓoye

Zuba komai a bahon wankin Yaya, da omo da ruwan sanyi. Banda ruwan zafi, yana lanƙwasa su. Tsince abin da ba bulo ba: batir, maɓalli, rabin biskit, haƙorin yaro. Shanya su a kan zanin gado a tsakar gida, ka sa takalmi.

Garin juyawa za ka ga wasu masu yawa an ɗiga musu koren jan farce a ciki, ɗigo ɗaya ɗaya, a tsanake. Aikin wata uwa ce da ta zauna ta yi wa kowace ƙwaya alama don kada ta ɓace a gidan maƙwabta. Omo ba ya fitar da shi. Kada ka damu, wa zai kifa bulo ya leƙa cikinsa?

Cika bokitin zuwa inda tsohon datti ya yi zobe, kada ka wuce. Sauran buhunan tura su ƙarƙashin gadonka, ka saki zanin gado ya rufe.

Mataki na 7: Tarbe su da fuskar wanda bai yi komai ba

Mota na tsayawa Injiniya zai wuce ta gefenka kamar ba ya ganinka. Zai durƙusa gaban bokitin, ya tura hannu har gwiwar hannu, ya motsa. Sai ya tsaya. Zai zaro wata 'yar taga shuɗiya da bai taɓa mallaka ba, ya ɗaga ta sama.

"Kawu, haihuwa suka yi?"

Ka ce haka suke yi in an bar su su huta.

Yaya za ta gane ƙari aka yi. Za ta dafa ƙirji ta ce, "Kai da ba ka da aiki, ka je ka kashe ɗan abin hannunka a kan yaron nan? Allah ya yi maka albarka, ɗan'uwana." Sunkuyar da kai ka karɓa.

Yanzu dubi Baban Injiniya. Yana bakin ƙofa, ya cire takalmi ɗaya, ya kasa cire ɗayan. Idonsa na kan bokitin. In ya taka zai taka da gefen ƙafa, yana duban ƙasa. Duk zamanka a gidan ba ka taɓa lura ba, saboda kullum fuskarsa kake kallo kana neman alamar kora.

"Kawu, zo mu duba janareta," zai ce.

Janareta lafiyarsa ƙalau. Ku tsaya a kansa.

"Mai shara ya zo kuwa?"

"Ya zo, yallaɓai."

"Da sassafe?"

"Da sassafe."

"Ni na ce masa ya zo da sassafe." Zai share gumi. "Ni na kai bokitin bakin ƙofa. Jar nan da ke ƙofar banɗakinka, kana tsammanin da ƙafarta ta je?"

Dubi janareta. Babu abin da littafi ya tanada a nan.

"Ni ba zan iya zubarwa ba, ubansa ne ni. Uwarsa ba za ta yafe min ba. Amma kai kawu ne, kawu ana yafe masa. Har na faɗa wa yayarka a hanya, na ce ƙanen nan naki a bar shi ya zauna, yana da amfani." Zai dube ka da idon wanda aka ci amanarsa. "Ka zubar?"

"Na zubar, yallaɓai."

"To wannan fa?"

Kafin ka haɗa amsa za ku ji ƙara daga cikin gida, shaaa, kamar tifa na juye tsakuwa. Sai kuma wata. Sai wata. Injiniya ya shiga ɗakinka neman wurin gini, ya ɗaga zanin gado.

Ku shiga tare. Ba a ganin tayil ko ɗaya daga bakin ƙofa har jikin taga. Injiniya na zaune a tsakiya, bakinsa a buɗe, ya ma kasa ihu. Baban zai daɗe yana kallo, sannan ya yi magana a hankali, yadda ake karanta hukunci.

"Daga yau ɗakin nan na bulo ne. Ƙwaya ɗaya kada ta tsallako falo." Zai juya, ya tsaya. "Kai ma kana iya ci gaba da kwana a ciki."

Ka gani? Bokiti ya cika, aljihu bai ji ba, ɗaki yana hannunka. Sai dai ka riƙa kwana da takalmi, in za ka banɗaki kuma ka ja ƙafa, kada ka ɗaga.

Sanarwa

Mai wannan bayani ba shi da hannu a kumburin ƙafa, ko ɓacin ran suruki, ko kukan 'ya'yan mutanen da suka dawo makaranta suka tarar da kusurwar ɗakinsu fayau. Shawara aka ba ka, ba a riƙe maka buhu ba. Bai san kemis ɗin ba, bai san bayan gidan man ba, kai ma in an tambaye shi bai taɓa ganinka ba.

Haka nan ba shi da alaƙa da bugun get ɗin da kake ji yanzu. In ka leƙa za ka ga wata mata da ba ka sani ba, doguwa, ta ɗaure gyale a ƙugu. Hannunta ɗaya riƙe da yaro mai jajayen idanu, ɗayan riƙe da wuyan rigar wani mutum da ke tsaye a gefen ƙafa, yana nuna gidanku da haɓa ba tare da ya ɗago kai ba. Farcenta kore ne.

"Salamu alaikum," za ta ce, ba da ƙarfi ba. "An ce a nan mai karɓar kaya yake."