Kitsen Rago a Hancin Mota

Ku 'ya'yan yanzu ba ku da kunya, ba ku da kunne. Mota ta yi tari, sai ku ruga a jona mata waya, ku tsaya kuna kallon gilashi baki buɗe. Ba mai tsugunawa ya saurari inji, ba mai shinshina hayaƙi. Ni Hosiyat aji uku na yi aka cire ni aka kai ni gonar auduga, amma shekara ashirin da biyu na yi ina tuƙa tarakta. Daga cikin ɗaki nakan ji tarakta tana wucewa in ce wannan gobe ba za ta tashi ba, kuma ba ta tashi.

Haka nake faɗa wa kowa a ƙauyenmu. Haka na faɗa ranar da ya kamata in kama bakina. Ku zauna ku ji, kuma kada in ga haƙoran kowa.

Autana Davron yana jigilar fasinja tsakanin ƙauye da birnin Kokand. Wata rana wata 'yar fitila ruwan ɗorawa mai siffar inji ta kama a gaban sitiyarinsa, ta ƙi mutuwa. Mota ta shiga shan mai kamar tana gasa, in ta tsaya sai ta riƙa karkarwa. Ya ce zai kai ta garejin babban makanikin nan, Usta Ergash.

Na san abin da ke kai shi garejin nan. Usta yana da 'ya, Mohira, ita ke riƙe da na'urar duba mota. Wata biyu Davron yana bina yana roƙo in naɗe gurasa in kai gidansu, yadda al'adarmu take, in nema masa aurenta. Ni kuwa na ce a'a. Suruka ita ce mai tashi da asuba ta share ƙofar gida, ta yayyafa ruwa, ta rusuna ta gai da manya. Wadda ke kwana ƙarƙashin mota da baƙin farce, me zan yi da ita?

Ran nan na ɗaura ɗankwali na ce, "Mu je tare. Ina so in ga wannan likitar motoci."

Muka iske direbobi biyar a inuwa suna shan shayi. Yarinyar ta fito, ta ɗora hannu a ƙirji ta gaishe ni da ladabi, abin da ya ƙara ba ni haushi. Ta jona na'urarta a ƙarƙashin sitiyari, ta ɗaga bonet, ta bi wayoyi da yatsa.

"Gwaggo, wayoyin lafiya lau," in ji ta. "Sensa ce ta gaji."

"Wace ce Sensa? 'Yar wane ce?"

"Kamar hanci ne, Gwaggo. Guda biyu ne a jikin salansa, ɗaya can sama kusa da inji, ɗaya a ƙasa. Suna shinshina hayaƙi su gaya wa mota ko mai ya yi yawa. Na saman ne ya daina jin wari, shi ya sa take ta kwankwaɗar mai. Sabo za a sa."

"Sabo!" na ce. "Ku komai sabo. Hanci in ya toshe, yanke shi ake yi ko fyacewa?"

Direbobi suka fashe da dariya. Dariyar nan ita ta kashe ni. Na ji kaina ya yi girma har ɗankwali ya matse ni.

"Usta, ka zama shaida," na ce. "Yau Litinin. In ban kashe fitilar nan da hannuna kafin Juma'a ba, ni da ƙafata zan kawo gurasa gidanka. In na kashe ta kuwa, Davron, kada in ƙara jin sunan yarinyar nan a bakinka."

"Inna..." in ji Davron.

"Rufe min baki."

Usta ya shafa gashin baki ya ce, "Na shaida." Mohira ta sunkuyar da kai, kunnuwanta sun yi ja, amma duk da haka ta ce, "Gwaggo, in za ki taɓa, ki fara zare fulogin wayar. Kuma kada maiƙo ya taɓa bakin hancin."

"'Yata," na ce, "ina gyaran inji tun uwarki tana tatata."

Muna isa gida na ɗauko sifanar marigayi mijina, na kwance kan batir, na je na sha shayi, na dawo na ɗaure. Davron ya murza makulli. Babu fitila! Ya yi fari fat kamar an wanke shi da sabulu.

Na leƙa katanga na kira maƙwabciyata Tursunoy. Ita ce rediyon unguwarmu, in kana son labari ya isa Kokand kafin mota, ita za ka gaya wa. Ta zo ta leƙa, ta tafa hannu. Kafin la'asar mata uku sun aiko suna tambaya ko ina duba injin ɗinki.

Ranar Laraba muka tafi kasuwa, ni a gaba, Tursunoy a baya, ina ba ta labarin yadda na taɓa tayar da tarakta da igiyar shanya. Sai ta ɗan taɓa kafaɗata.

"Hosiyat."

"Kada ki katse ni."

"Baƙuwarki ta dawo."

Ga ta nan ruwan ɗorawa, tana kallona. Davron kuwa daga nan har kasuwa waƙa yake yi ƙasa-ƙasa, mara kunya.

Ranar Alhamis na ƙwace makulli. Na sa Davron ya gindaya motar a kan magudanar ruwan ƙofar gida, wadda ta bushe, na aike shi gidan yayarsa da ƙafa. Na shimfiɗa buhu, na zura jikina ƙarƙashi. Shekara sittin da tara, gwiwa tana kuka, baya yana zagina.

Na hango hancin sama can a lungu, hannu ba ya kai wa. Na ƙasa kuwa ga shi a gaban idona, kamar yana cewa zo. Na ce ai hanci hanci ne. Na kafa sifanar tarakta na murɗa. Fulogin da yarinyar ta ce a zare? Don ita ta faɗa, shi ya sa ban zare ba. Ina murɗawa waya tana nannaɗewa, har na ji wani abu ya ce ƙas. Na yage bakin tsohon ɗankwali na ɗaure wurin.

Abin ya fito baƙi ƙirin. Na dirje shi da toka da yashi kamar gindin tukunya, na tafasa shi, ya fito yana walƙiya. Tursunoy ta leƙo ta katanga.

"Me kike dafawa?"

"Hanci."

"Na me?"

"Je ki kula da gidanki."

A zamaninmu ba ma ɗaura noti a bushe. Na yanko kitsen jelar rago wanda na ajiye don dafa-dukar Juma'a, na mulke hancin nan da shi tun daga gindi har baki, na cusa a 'yan ƙofofinsa don ya ji daɗi. Ragowar kuma, da yake ni ba mai almubazzaranci ba ce, na shafe salansa da shi kada ta yi tsatsa.

Na mayar da hancin na ɗaure, na tayar da mota. Fitila tana nan daram. Bayan ɗan lokaci sai ƙamshi ya tashi, ƙamshin gasasshen nama irin na ranar biki. Limamin unguwa ya wuce, ya dawo da baya, ya ce, "Hosiyat, suna ake yi ba a gaya mana ba?" Kafin in amsa, karnuka huɗu sun zauna a jere a bakin magudana, kyanwa biyu a kan katanga.

Yanzu zan faɗi abin da ban so faɗa ba. Ni ce wadda ta taɓa hana Davron abinci yini guda don ya ce ya yi alwala alhali bai yi ba. Safiyar Juma'a ina kwaɓa gurasa, na gutsuri ƙulli kamar kan yatsa, na birkiɗa shi a baƙin tukunya, na je na manna a kan gilashin gaban sitiyari, daidai fitilar. Baƙi a kan baƙi. Na ja da baya na duba, wallahi aiki ya yi kyau.

Davron ya shigo ya zauna, ya daɗe yana kallon wurin.

"Inna, fitila ta mutu."

"Da me ka zata?"

"Har ta kumbura," in ji shi, yana cizon leɓe.

"Tuƙa mota."

Tursunoy ta riga mu shiga, ba wanda ya gayyace ta. Muka kama hanya, rana tana dukan gilashi, ƙamshi yana binmu, karnuka suna bin ƙamshi. Mun bar gida da huɗu, muka isa gareji da tara. Direbobin da suka ji alkawari duk suna nan, har da ƙarin waɗanda ba su ji ba.

Na fito na gyara tsayuwa. "Usta, aiko 'yarka ta duba."

Mohira ta buɗe ƙofa ta sunkuya. Davron, ɗan da na haifa na goya, ya rufe tasa ƙofar da ƙarfi, garam! Ƙullin nan, wanda rana ta riga ta gasa, ya ɓalle ya gangaro ya faɗi a ƙasa, a gaban kowa. Fitila ta buɗe ido.

Yarinyar ta durƙusa ta ɗauki abin, ta hure ƙurar, ta sumbace shi ta taɓa a goshi, yadda ake yi wa gurasa in ta faɗi. Ta miƙo mini da hannu biyu.

"Gwaggo, gurasarki ta faɗi."

Usta ya leƙo tafin hannuna. "Ita ce ta neman auren? Hosiyat, ta yi ƙanƙanta."

Wani direba ya ƙware da shayi har sai da aka bubbuga masa baya. Tursunoy kuwa tuni ta fita titi neman wanda za ta gaya wa.

Mohira ta jona na'urarta. "Ran Litinin ciwo ɗaya ne," in ji ta a hankali. "Yau biyu. Hancin ƙasan a da lafiyarsa ƙalau." Ta shiga ramin duba ƙarƙashin mota, ta fito da tsumman ɗankwalina a hannu, ta ninke shi ta ba ni. Ta bar inji ya ɗan huce, ta zare fulogi, ta sa wata sifana mai tsaga a gefe, hancin sama ya fito kamar yana jiranta. Ta ɗaura sababbi biyu, ta gyara wayar da na tsinka, ta danna na'ura. Fitila ta mutu. Mota ta daina karkarwa. Ba ta yi dariya ko sau ɗaya ba. Da ta yi, da na samu abin riƙewa.

Kun san ba a amsa wa masu neman aure a zuwan farko, sai an yi sawu uku. Ni biyar na yi, da ƙafa, da gurasa a ka, domin na ce da ƙafata. Kowane zuwa matar Usta sai ta karɓi gurasar ta shinshina ta ce, "Wannan da me aka shafa ta?" A na biyar suka miƙo mini farin ƙyallen amincewa. Na ji shi da nauyi. Na kwance a gida, sai ga hancin da na kashe, yana walƙiya, yana warin rago.

An yi biki a lokacin kaka. Ba zan yi wa yarinyar ƙarya ba: da asuba take tashi, ta rusuna ta gaishe ni, ta zuba mini shayi da hannu biyu. Sannan ta ɗauki na'urarta, ta shiga gaban mota kusa da mijinta, su tafi gareji, don motoci na layi tun hantsi bai yi ba.

Ƙofar gida kuwa ba ta share kanta. Kullum safiya ga ni a duƙe da tsintsiya da bokitin ruwa, karnuka huɗu a jere suna jiran ko zan sake gyaran mota. Sai Tursunoy ta leƙo ta katanga, ta ɗaga murya yadda duk unguwa za ta ji:

"Sannu da aiki, amarya!"