Hannu Ke Ciwo, Wuya Ake Murɗawa

"...ya aiki, ya jama'a? Ke dai ba ki da kunya, miji ya shigo kina zaune."

Tsohon tela ne yake faɗin haka yana jan kujera a ɗakin duba marasa lafiya. Likitar kuwa jikarsa ce, tun tana rarrafe yake kiranta amarya. Sati uku ke nan kafaɗarsa ta dama na ciwo, ciwon ya gangaro hannu, yatsu biyu suna masa kamar tafiyar kiyashi. Bai gaya wa kowa ba, amma tsoro ya cika shi, don ya ga yadda ɓarin jikin yayansa ya shanye. In hannun nan ya tafi, shi da almakashi sai kallo.

"Wane miji?" in ji ta. "Wanda haƙoransa suka riga shi yin ritaya?"

"Da tsohuwar zuma ake magani, yarinya."

"Yau dai zumar ce ta zo neman magani. Ƙirjinka na ciwo? Numfashi fa? Ka faɗi ne? Zazzaɓi ko rama?"

"Babu ko ɗaya. Ni hannu na kawo, kina tambayar ƙirji. Anya takardar nan taki ba a kasuwa aka sayo ta ba?"

"Ɗaga hannu biyu. Matse yatsuna da ƙarfi. To, yi murmushi."

"Murmushin me?"

"In ga ko bakin ya karkace. Yi haƙuri, na san ba kaya a shagon."

Ya yi, dole. Sai ta zagayo bayansa, ta kwantar da kansa wajen dama, ta ɗan danna. Wani zafi ya tsarga masa har babban yatsa.

"Wayyo! Ashe kisan miji kika karanto! Tsaya, yaya aka yi kika taɓa wuya, yatsa ya amsa?"

Tsohon akwai son sanin ƙwaƙwaf, ko agogo aka ba shi sai ya kwance bayansa.

"In zare ya maƙale a saman keke, ina ɗinki ke ɓaci?"

"A bakin allura."

"To jijiyar hannunka daga wuya ta taso. A can aka matse ta, a yatsa take kuka."

Da ya sake magana, muryarsa ta yi ƙasa.

"Ba irin na Yaya ba ne?"

"Ba shi ba ne, Kaka."

Wani sanyi ya ratsa zuciyarsa, har ya ji kunyar ƙwallar da ta taru masa. Ya yi maza ya ɗaure fuska.

"To a yi min hoto, in ga jijiyar da idona."

"Ba yanzu ba. Maganin rage zafi, tawul mai ɗumi, da motsa wuya a hankali safe da yamma. In wata guda ya wuce bai sauka ba, ko hannun ya fara sakin almakashi, ka dawo da gudu. Nuna min yadda kake zama a keke."

Ya gyara zama, ƙafa na taka iska, hannu biyu na tura yadin da babu shi. Kansa kuwa ya kwanta a kafaɗa.

"Kan fa, me ya kwantar da shi?"

"Waya nake maƙalewa. Hannu na aiki, da me zan riƙe?"

"Ga ɓarawon! Wace marar aikin yi ce ke tsare ka a waya?"

"Wata ce mai surutu kamar aku. Kullum da safe, tun daga ƙofar gidanta har ta iso asibiti, rabin awa cur."

Likita ta tsaya da biro a hannu.

"Laifi tudu ne," in ji tsoho, "kin taka naki kina hango na wuyana."

"Kaka! Me ya hana ka ce min kana aiki?"

"In ce miki, ki daina kira?"

Ta buɗe jaka, ta ciro abin sauraren wayarta, ta saƙala masa a kunne da kanta.

"Ka kayar da ni yau, tsoho," ta ce tana dariya tana share ido. "Gobe awa guda zan yi."