Fijon da ta Kawo Mu Daga Mubi ta Rasu

Da zuciyar da baƙin ciki ya daɗe da cikawa, iyalan marigayi Malam Sheriff mai atamfa, na unguwar Karewa a Jimeta, suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar motarsu, Fijo mai dogon baya, fara a zamaninta, wadda ta cika ranar Talata da hantsi a bakin gadar Binuwai. Ni Farouk, autan gidan, aka ɗora wa rubuta wannan, don ni na yi jinyarta.

Ga abin da marigayiyar ta ɗauko ranar da Mubi ta faɗa hannun 'yan tayar da ƙayar baya: rabin buhun gero, tukunya da muciya, jarkar mai, Alƙur'anin Baba, kan keken ɗinki, tabarma. Baba a sitiyari. Mahaifiyarmu Yakaka, wadda muke kira Ya, a gefensa. A baya yayana Ismail, da matarsa Zara, da jaririyarsu Ikram. Mutum biyar suka shiga. Huɗu suka iso.

Ba na cikinsu. Ina Indiya ina karatun haɗa magunguna, ina kallon sunan garinmu a fuskar waya. Abin da na sani a bakin Zara na ji shi, sau ɗaya, ban kuma sake tambaya ba.

Marigayiyar mai haƙuri ce. Ba ta zaɓen hanya. Ta yi shekaru tana jigilar atamfa da shadda tsakanin Maiduguri da Mubi, ba ta taɓa kwana da Baba a daji ba. Ta kai amare, ta kai masu naƙuda, ta kai gawa maƙabarta, duk da tafiya iri ɗaya. Aibinta guda ne. Idan ta mutu, makulli ba ya tayar da ita. Ka murɗa, ta ce ƙyat, ta yi shiru. Sai a sa giya ta biyu, wani ya sauka ya tura. Ismail ne mai turi tun yana saurayi. Abin ya zama wasa a gidan. Baba kan ce yana da batir mai ƙafa biyu, me zai kai shi wurin bakanike.

Gaba kaɗan da Mararraba, cikin cunkoson masu gudu, ta mutu. Ismail ya sauka ta ƙofar baya ta dama, ya bar ta a buɗe kamar kullum, ya tura. Ta tashi. A daidai nan harbi ya matso, mutane suka watse cikin daji. Baba bai taka birki ba, don ya san idan ta sake mutuwa shi ke nan. Zara ta riƙe ƙofar da hannu ɗaya, jaririya a ɗayan, tana kallon mijinta yana bin su da gudu har kwanar hanya ta raba su. Ba ta saki ƙofar ba sai a Jimeta.

Da suka sami gida, Ya ta ɗauko muciyar nan ta tokare ƙofar motar a buɗe. Ta ce zai zo, kuma ba zai tarar an rufe masa ba. Baba bai sake taɓa makullin ba har ya rasu. An nemi Ismail a sansanonin 'yan gudun hijira, an tambayi waɗanda suka biyo ta Kamaru. Ba labari. Ba a yi masa zaman makoki ba, don Ya ta ce ba a karɓar gaisuwar mai rai. Saboda haka Zara ba bazawara ba ce, ba kuma mai miji ba. Fiye da shekara goma tana ɗinki a gidanmu. Wani malamin firamare daga Yolde Pate, Hamajoɗa, ya daɗe yana aiko da gaisuwa ta hannun liman. Ba ta amsa ba. Ba ta da bakin amsawa alhali ƙofar can a buɗe take.

Bara na dawo, na tarar da motar a gindin darbejiya, tayoyinta sun kwanta. Damina bayan damina ruwa ya shiga ta ƙofar. Kujerar baya ta ruɓe, tsatsa ta huda ƙasan. Idan iskar kogi ta taso da la'asar, ƙofar kan motsa a kan muciyar, ƙiii, ƙiii, sai kowa a tsakar gida ya ɗan dakata da abin da yake yi, sannan ya ci gaba. Ikram da wannan ƙarar ta tashi. Ta ɗauka haka kowane gida yake.

Ya ta ce mini, "Kai da ka yi karatu, tayar da ita. Mu koma inda ya sauka."

Na ce maganin mutane na karanta. Ta ce, "Ita ma ai tamu ce."

Haka jinyar ta fara. Na koyi abin da zan iya a bidiyo, sauran a wurin Boaz, bakaniken da ke bayan gidanmu, wanda kan leƙo ranar Asabar. Na wanke tanki, na canza filogi, na warware kafireto na jera kayansa a kan tabarma. Lagireto ya toshe. A cikin salansa ɓera ya yi gida ya haihu. Boaz kan ce, "Oga Farouk, wannan mota ya girme ka, ka gaishe shi kafin ka sa masa sifana." Sau ɗaya ya gwada sa'arsa da Ya. "Mama, ka bari mu rufe ƙofa mana, ruwa ya cinye mota kaf." Ta ce, "Boaz ɗana, gyara gaba. Baya ba naka ba ne."

A ƙarshe na zo kan tsohon ciwon. Na cire kik, wato abin da ke tayar da injin, na gwada shi a ƙasa, lafiyarsa ƙalau. Na bi wayar da ta haɗa batir da jikin mota. Notinta ya ɓace tuntuni, an ɗaure ta da guntun waya. Na gane ɗaurin. Haka Baba ke ɗaure dilar atamfa. Na kwance, na kankare wurin, na sa noti. Aikin bai kai tsawon shan shayi ba. Na murɗa makulli, ta tashi. Ba wanda ya tura. Na kashe, na sake murɗawa, ta sake tashi. Boaz ya san labarin gidanmu. Ya cire hularsa, ya juya ya kalli katanga.

Boaz dai ya gargaɗe ni cewa injin yana shan baƙin mai, kada in yi nisa. Na gaya wa Ya. Ta ce ranar Talata za mu tafi.

Ina sitiyari, Ya a gefena, Zara a mazauninta riƙe da ƙofar, don muciya ba ta tsayawa idan ana tafiya. Ikram tana makaranta. Marigayiyar ta ratsa Jimeta a natse. A bakin gada ta yi maganarta ta ƙarshe, ƙwas, ƙwas, ƙwas, hayaƙi ya fito ta bonet, ta tsaya a tsakiyar titi. Motoci suka taru a bayanmu suna hon. Na buɗe ƙofata zan sauka. Ya ta damƙe wuyan hannuna. Ban san tana da wannan ƙarfin ba.

"Ba wanda zai sauka."

"Ya, gefe kawai zan tura ta."

"Na ce ba wanda zai sauka."

Masu keke suka zagaye mu. Ɗaya ya leƙo ya ce, "Alhaji, kun zauna kamar kaya!" Da ya kalli fuskar Ya, sai ya yafuto 'yan uwansa. Su suka tura mu gefe muna ciki. Muka zauna. Kogin yana wucewa a ƙasa. Can daga baya Zara ta yi magana, ba da ƙarfi ba.

"Ya, hannuna ya gaji."

Ya ba ta waiwaya ba. Ta ce, "Na sani, 'yata."

Boaz ya jawo mu gida, aka mayar da muciyar wurinta. Ya buɗe injin ya ce ya yi nokin, ƙarfe ya cije ƙarfe. Ya ce ana iya neman wani injin a sa. Ya ta ce a'a.

Marigayiyar ta bar Ya, wadda ta yi gadinta. Ta bar Zara. Ta bar Ikram, wadda ta shige ta sau ɗaya tana cikin zani. Ta bar ni, da safaya guda da ba ta taɓa taka ƙasa ba.

Liman ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, amma ba wanda ya hana mutum karɓar gaisuwa a gidansa. Za a yi zaman makoki daga ranar Juma'a zuwa sadakar uku ranar Lahadi, maza a ƙofar gida, mata a ciki. 'Yan gwangwan kada su wahalar da kansu, ba za a sayar ba. A gindin darbejiya za ta kwanta. Ya ta ce in rubuta wannan yadda ta faɗa: duk wanda ya zo gaisuwa ya sa sunan Ismail a addu'arsa, ba za a gyara masa ba, za a ce amin.

Jiya da safe Ya ta fita da kanta ta zare muciyar, ta wanke ta, ta ce da ita za a tuƙa tuwon sadaka. Ƙofar ta tsaya inda take, tsatsa ta riƙe ta. Ya ta tura, ba ta motsa ba. Na taso, ta ɗaga mini hannu, ta kira Zara. Su biyu suka sa kafaɗa. Ta rufu da ƙara ɗaya, gaf.

Ba za a sake gyara ta ba. Ranar Litinin, ni da Ya za mu raka Zara wurin alƙali kan maganar aurenta.