Yadda Na Rasa Fuskata a Jimeta

Shekarar da muka gudo daga Mubi muka raɓe gidan Goggo a Jimeta, ƙaiƙayin fata ya addabi 'yata. Likita ya rubuta wani man shafawa mai ƙarfi, wai shi sitiroyid, ya ce a shafa kaɗan, kwana bakwai kacal. Ta warke sarai.

Ni da na taɓa tsaron kemis, wane likita zai koya mini? Wata uku ina lafta man a fuskata saboda kyasbi. Fatar ta yi jajur, ta koma kamar leda, ƙuraje suka feso.

Goggo ta daɗe tana kallona, ta ce, "Kayya, ɗana! Mutane sun rasa gidaje, kai ka haɗa da fuska."

Har yau, ko a wajen ta'aziyya, "Bature ɗan gudun hijira" ake kirana.