Rasuwar Zakanya, Kwamfutar Mai Hoto

Da zuciya cike da baƙin ciki, da idon da bai gama bushewa ba, iyalan Mai Hoto na sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar Zakanya, kwamfutar wasan gem ɗin nan mai tsada da ke zaune a kan teburin ɗakinsa. Ta cika da hantsi, bayan jinya mai zafi, tana tsakiyar aiki, maigidanta na zaune a gabanta.

Ga waɗanda ba su san yadda marigayiya ta shigo gidan ba, Mai Hoto mutum ne mai cin abinci da ɗaukar bidiyon bukukuwa. Yana da tsohuwar kwamfuta mai jan ƙafa, amma tana kai shi inda za shi. Wata rana ya shiga kanti neman waya, sai mai kantin ya kunna masa tseren motoci a kan Zakanya. Ruwa na zuba a kan titin wasan, har ɗigon da ke gangarowa a gilashin mota ya gani. Tun daga ranar tsohuwar ta fita a ransa. Ya sayar da babur, ya sayar da kyamararsa ta biyu, ya haɗa da tsohuwar kwamfutar, ya rungumo kwalin ya kawo gida.

"Aikin da nake kwana da kwanaki a kai, za ta gama shi kafin ki sauke tukunya," ya ce da maiɗakinsa.

Ta dubi kwalin, ta dubi gurbin da babur ke tsayawa. "To, Baban yara, da me za ka riƙa zuwa wurin aikin?"

"Ita za ta sayo wani."

Za a shaidi marigayiya da alheri. Ba ta taɓa sa shi jira ba. In ya taɓa ta, ta amsa da "tilin", madannanta su ɗauki ja, su koma shuɗi, su koma kore, yara su cika bakin ƙofa suna leƙe. In wasa ya yi zafi sai fankokinta su tashi, "fuuuu", kamar jirgi zai bar ƙasa, wannan gurnani ne ma ya jawo mata sunan. Ba ta ƙi aiki ba ko sau ɗaya. Duk abin da mai kanti ya ce tana yi, ta yi shi.

Sai dai kowane mai rai da halinsa. Ko da yake sunan irinta tafi-da-gidanka, Zakanya ba ta son tafiya. Tana da nauyi, cajarta kamar bulo, in aka zare ta daga bango kuma ƙarfinta ya zube, batirin ya fara haki. Ba babur, shi kuwa ba zai shiga motar haya da ita a bangaje ta ba. Ba zai bar ta a gida hankalinsa ya kwanta ba. Ya sa wa taga ƙarfe, ya ƙara kwaɗo a ƙofa. Fankar ɗakin ya juya mata, shi yana zaune yana gumi. Aikin da ke da nisa ya fara ƙi, masu kiransa suka sami wani. Da aiki ya ja baya sai wasa ya cike gurbin. A cikin allo ya ƙetare teku, ya hau duwatsu, ya ci garuruwa da yaƙi, alhali takalminsa na bayan ƙofa ya yi ƙura.

Abokinsa mai aski ya taɓa tambayarsa a gaban jama'a, "Kai, tsakaninka da Allah, wai ta ci kuɗinta kuwa?" Mai Hoto ya miƙe tsaye da zanen aski a wuya, ya yi ta jero darajojinta har muryarsa ta dushe. Mai aski ya ce, "Na ji. Ta ci kuɗinta, ta haɗa da naka." Aka yi dariya. Tun daga nan bai da bakin da zai koka da ita a gaban kowa, ko da zafinta ya fara ƙona masa yatsu.

Ciwon ajali ya fara da zazzaɓi. Sai wasu layuka kore suka riƙa gilmawa a fuskarta, sai suma babu dalili. Da ya waiwayi garanti, ya tarar wa'adinsa bai daɗe da wucewa ba. Ranar da ta cika, yana haɗa bidiyon bikin 'yar maƙwabciyarsu, mai kantin yadi. Amarya ta juyo tana murmushi, hoton ya tsaya cak. Fankokin suka yi kuka mai tsawo irin wanda bai taɓa ji ba, "kirrr", sannan shiru. Ya danna, ya sake dannawa. Ya kara kunnensa a jikinta. Da ɗuminta, amma ba kowa a ciki.

Mai gyara ya buɗe ta, ya daɗe yana dubawa. Ya ce sashen da ke zana hoto ne ya ƙone, kuma a manne yake da uwar allon ciki, ba a cire shi shi kaɗai. Sai a sauya duka, sai an yi odarsa daga waje, kuɗin kuma ya isa sayen sabuwar kwamfuta ta talakawa. Ya ciro masa ma'ajiyarta, 'yar siririya kamar matsefi, ya ce bikin na ciki lafiya lau. Amma Mai Hoto ya ɗauki bidiyon bikin da irin nauyin da Zakanya kaɗai ke iya buɗewa. Duk kwamfutar da ya ara, da ta buɗe sai ta sandare. Wani mai sayen matattun kaya ya taya, tayin da ya sa Mai Hoto ya naɗe gawar a tawul ya dawo da ita gida.

Lungun gidansu ba ya ɓullewa, kantin yadin kuma a bakinsa yake. Da uwar amarya za ta yi masa faɗa, da ya fi masa sauƙi. Ba ta yi. Ranar da ya gwada wucewa da sauri, ta kira shi a hankali.

"Ɗana, ba gaggawa nake maka ba. An tafi da 'yata nesa, kewarta nake yi. Ko kaɗan ne, ka nuna mini fuskarta."

"Ana kai, Mama," ya ce, idonsa a ƙasa. Bai sake fita ba.

Marigayiya ta bar caja, da linzami mai wuta, da abin sawa a kunne, da wata jakar goyo da aka saya mata wadda har yau takardar kanti na rataye a jikinta. Ta bar yara masu tambayar yaushe za ta tashi. Ta bar maiɗakin Mai Hoto, wadda ɗinkinta ke riƙe da gidan yanzu, wadda kuma ba ta ce "na faɗa maka" ba, sai dai ta ajiye masa abinci a kan teburin ta fita.

Game da jana'iza, an goge mamaciya da tsumma mai laushi, an mayar da ita kwalinta. Ba za a kai ta ko'ina ba: maigidanta ba zai iya gyara ta ba, ba zai iya sayar da ita ba, zuciyarsa kuma ba za ta bar shi ya yar ba. Za a kwantar da ita a ƙarƙashin gado. Ana karɓar gaisuwa a ɗakin, kowane lokaci aka zo za a same shi. Iyali na roƙon masu zuwa ta'aziyya da kada kowa ya nuna masa hoton sabuwar da ta fito, wadda aka ce ta fi wannan sanyi da sauri. Ya riga ya gani. Jiya maiɗakinsa ta shigo ta same shi yana juya kyamararsa ɗaya da ta rage a hannu, yana goge mata ido. Ta karɓe ta, ta kulle a akwatinta, ta ɗaure makullin a bakin zanenta.

Allah ya ba mu haƙurin rashi.