Kawu Nomau da Firijin Inna

Da na dawo gida bayan shekarun da na yi a Agadas, na tarar an jawo wa ƙauyenmu lantarki. Gidanmu kuwa yana nan yadda na bar shi: Inna, da ƙanenta Kawu Nomau, wanda duk abin da aka faɗa masa haka zai yi, ba ragi ba ƙari. Tsarabata tsohon firiji ce, Inna ta kama sayar da kunun aya mai sanyi, da shi muke cefane.

Wata rana na gargaɗi Kawu kada ya jona abu fiye da biyu a adafta ɗaya, ba ta ɗaukar nauyi. Da yamma sai ƙauri ya cika gidan. Ashe adafta biyu ya soka a ta farko, kowacce ya soka mata wasu biyu, har suka ɗauki dutsen guga da hita da fanka. Ta gindin ta narke.

"Ƙirga ka gani, Sallau, kowacce biyu na ba ta."

Na ƙirga. Biyu ne kuwa.

Wata rana na ce masa idan caja ta yi zafi, a zare ta ta huce. Inna ta sa moɗa a randa, sai ta ɗebo cajata da cajar maƙwabta. Kawu ya ce nan ne wuri mafi sanyi a gidan tunda an hana shi buɗe firiji.

Wata rana aka ɗauke wuta, zaman gida ya ishe ni, zan leƙa Funtua. Na zare filogin firiji na ba shi, na ce kada a mayar sai na dawo na duba. Can hira ta yi daɗi, na kwana biyu.

Ashe ina fita wuta ta dawo. Inna ta roƙa, ta yi faɗa, kunu ya yi tsami, Kawu na zaune gindin firiji da filogi a hannu, ko salla a nan yake yi. Wutar kuwa da ƙarfi ta zo fiye da kima. Ta fasa ƙwayayen fitila, ta ƙone talabijin da firijin duk wanda ya jona a layinmu. Na Inna kaɗai ya tsira.

Ina shiga ya miƙo mini filogin.

"To duba, ɗan nan, hannuna ya gaji."

Na durƙusa gaban soket. Ramuka uku ne kawai, ban san abin da ake dubawa ba. Inna da Kawu suka tsaya a kaina, suna jira.