Gaisuwar da Ta Riƙe Fasfon Alhaji Ɗanliti

Duk wanda ya san Alhaji Ɗanliti mai fatu ya san mutum ne da ba ya iya wuce ɗan Adam bai gaishe shi ba. Daga ƙofar gidansa zuwa masallaci bai fi taku arba'in ba, amma tun kafin kiran salla yake fita, kuma duk da haka a sahun baya yake samun wuri. To, shi ne Allah ya ɗora wa son ganin wata ƙasa can gabas mai nisa, irin wadda ba a shiga sai a ayari, ba a fita sai an ce ka fita. Dalilin tafiyar ma bai taka kara ya karya ba. A majalisa wani ya ce babu Bahaushen da ya taɓa zuwa can, shi kuwa Alhaji ba a faɗin irin wannan magana a gabansa. Matarsa Hajiya Tabawa ta yi magana har ta gaji, ta ƙulle masa kilishi da yaji ta ce Allah ya kiyaye hanya.

Suna sauka aka karɓe wayoyinsu, aka haɗa kowane baƙo da jagora. Na Alhaji wani siririn mutum ne mai baƙar kwat, wanda ya karanta Hausa a jami'arsu, Hausar littafi tsaf, ko a rediyo ba a yin irinta. Sunansa ya gagari bakin Alhaji, sai ya laƙa masa Malam Inuwa, tunda ko ban-ɗaki ya shiga mutumin yana tsaye a bakin ƙofa. Aikinsa biyu ne: ya fassara duk abin da baƙo ya faɗa, ya kuma rubuta shi a wani ɗan littafi.

Tun a mota ya karanto masa dokoki. Ba a ɗaukar hoto sai inda aka nuna. Ba a naɗe jarida mai hoton Shugaba. Ba a fita daga otal sai da jagora. Alhaji ya ce duk ya ji, kuma wallahi ya bi su sau da ƙafa. Abu ɗaya ne ba su tuna sun hana ba, wato gaisuwa, don ba su taɓa yin baƙo irinsa ba.

Washegari da safe ya ci karo da wata dattijuwa tana goge daɓen otal. Ya tsaya cak.

Ya ce, "Malam Inuwa, ce mata ina kwana. Ina gajiya? Ya aiki? Ya yara? Ya maigidan? Ya muka ji da sanyin nan?"

Malam Inuwa ya fassara ɗaya bayan ɗaya, yana rubutawa. Matar ta dubi Alhaji, ta dubi littafin, ta yi 'yar magana a taƙaice ta ci gaba da gugarta da sauri.

Malam Inuwa ya ce, "Ta ce tana cikin ƙoshin lafiya, albarkacin Shugaba."

Alhaji ya ce, "Madalla. Ka ga mutane masu tarbiyya."

Daga nan fa abin ya zama ruwan dare. Aka kai su wata gona da ake kai baƙi, ya tare manomi da ya damina, ya amfanin gona, an dai samu ko? Aka kai su wani katafaren kanti mai gwangwani iri ɗaya tun daga ƙasa har sama, babu mai saye ko ɗaya, ya jingina da kanta ya ce wa mai tsaron, ya kasuwa, ya ciniki? Sojan da ke gadin mutum-mutumin Shugaba, wanda ko ƙifta ido ba ya yi, shi ma bai tsira ba, sai da aka tambaye shi gajiya da mutanen gida. Kowa kuma amsarsa ɗaya ce, lafiya lau, albarkacin Shugaba.

A rana ta uku Malam Inuwa, wanda ya riga ya cika littafi guda ya buɗe na biyu, ya ce a hankali, "Alhaji, shin wannan al'amari wajibi ne?"

Alhaji ya ce, "Haba Malam Inuwa, mutum ai ba icce ba ne da za a wuce shi."

Ranar komawa ta zo. Jirgin da ke fita ƙasar sau ɗaya yake tashi a mako. 'Yan ayari suka bi layi, ana buga wa kowa hatimi yana wucewa. Da aka zo kan Alhaji sai ma'aikacin ya duba fasfo, ya duba wata takarda, ya ajiye fasfon a gefe. Sojoji biyu suka raka shi wani ɗaki. A ciki akwai wani babban jami'i, ƙirji duk lambobi, ga littattafan Malam Inuwa guda uku a kan tebur, ga Malam Inuwa kansa a tsaye yana gumi cikin wannan sanyi. Ta taga Alhaji yana hango jirgi, mutane suna hawa. Nan ya tuna labarin da wani ɗan ayari ya ba shi, na baƙon da aka tsayar a yi masa tambaya biyu, sai da ya shekara shida. Ido ya raina fata. Bai taɓa jin kewar Hajiya Tabawa da faɗanta kamar wannan lokaci ba.

Jami'in ya yi magana, Malam Inuwa ya fassara: "A kwana shida ka yi wa mutum ɗari biyu da sha ɗaya tambayoyi game da lafiyarsu, da iyalinsu, da amfanin gona, da halin kasuwa. Tara daga cikinsu sojoji ne. Wa ya aiko ka?"

"Ranka ya daɗe, gaisuwa ce."

"Me ya sa kake son sanin ko sojanmu ya gaji?"

"Ba so nake in sani ba, ranka ya daɗe. Tambaya dai ake yi."

"Kana tambaya, kuma ba ka bukatar amsa?"

"Haka muka taso muka tarar."

Jami'in ya rubuta wannan ma. Ya juya ga Malam Inuwa, shi kuma ya tabbatar cewa lallai haka yake a littafin koyon Hausa, darasi na farko. A waje an fara janye matakalar baya ta jirgi.

Can jami'in ya ɗauki hatimi ya riƙe a saman fasfon, bai buga ba. Ya ce, "To, duk waɗanda ka tambaya sun ce lafiya lau suke, ko mutum ɗaya bai koka da komai ba. Ka yarda da su, ko kana ganin tsoro ne ya sa suka faɗi haka?"

Alhaji ya dubi sojan dama, ya dubi na hagu, ya dubi hatimin. Ya gyara zaman hularsa.

Ya ce, "Haba ranka ya daɗe, wane irin tsoro? Ai ni ma da kake gani, yanzu haka in ka tambaye ni, lafiya lau nake."